Wasiƙa ga Edita: Yaranmu da baƙinmu na shiga aiki ba wanda ya nuna musu inda haɗari yake

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina fata kana lafiya, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara wa jaridar nan taku albarka. Dan Allah ɗan fili nake roƙo in yi magana da 'yan uwana mutanen zango, musamman mastoci, wato masu koyar da sana'a, irina da masu masauki da limamanmu da iyayenmu mata, akan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ni mai walda ne a Suame Magazine, babbar unguwar garejoji nan Kumasi, a Aboabo nake zaune. Maganar kuwa ita ce yaro ko baƙo zai shigo aiki yau, gobe an miƙa masa giranda, injin goge ƙarfe da yankansa, ba wanda ya zaunar da shi ko na rabin awa ya ce masa kaga wannan yana yanka, wannan yana fashewa, wannan in ka shaƙa zai taɓa maka ƙirji, kuma ranar da ya ji ciwo sai a ɗaure masa hannu a ce sannu, ba mai komawa ya duba halin da zuciyarsa ta shiga bayan nan.

Duk wanda ke zama kusa da tasha a Aboabo ko Alabar ya san kullum mota na sauke sabbin fuskoki. Wasu daga Bawku, Walewale, Tamale, Yendi, wasu daga Nijar wajajen Tahoua da Dosso da Maraɗi, wasu Burkina, wasu Sakkwato da Kabi. Yaro ɗan shekara sha bakwai da leda ɗaya a hannu da lambar wayar wani ɗan garinsu. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, toh wannan makantar a wajen aiki ta fi muni, domin yaron bai jin Tonanci yaren Asante, bai jin Turanci, gargaɗin da ke jikin gwangwanin fenti ko jarkar kemikal da Turanci aka rubuta ko ma da rubutun Sin, in wani ya daka masa tsawa ya kauce ƙarfe na faɗowa kafin ya gane me aka ce aikin gama ya gama. Tun zamanin fataucin goro muna da al'adar mai masauki, shi ke karɓar baƙo ya ba shi wurin kwana, ya haɗa shi da mai saye, ya gaya masa wa zai yarda da shi a kasuwa wa zai kiyaya. Har yau al'adar nan bata mutu ba Alhamdulillahi, ana ba baƙo tabarma ana kai shi wajen masta. Amma nan muke tsayawa, kuma nan ɗin ne nake cewa bai isa ba yanzu, tunda aikin da muke kai su ba awon goro bane, aikin wuta ne da ƙarfe da guba.

Akwai wani yaro da aka kawo layinmu daga Nijar, mai hankali, mai saurin aike. Ranar farko aka ce ya riƙe ƙarfe ana walda, shi kuma sha'awa ta sa ya ƙura wa wutar ido, ba wanda ya ce masa kau da kai. Da rana lafiya lau, ya ci wake da shinkafa ya yi sallah. Cikin dare sai ga abokan kwanansa suna buga min ƙofa, na je na tarar da shi zaune a dandamali ya rufe fuska da riga, idanu sun yi jawur sun kumbura, hawaye na zuba ba kuka yake ba, ko hasken tocilan waya baya iya kallo, yana ta cewa yashi ya shiga masa ido. Kafin in iso har wani ya ɗiga masa madarar gwangwani a ido, wani na neman a jiƙa taba. Duk mai walda ya san wannan ciwon, hasken walda ne ke ƙona fatar ƙwayar ido kuma sai bayan wasu awanni yake tashi, yawanci yana warkewa cikin kwana ɗaya biyu in an bar ido ya huta aka je asibiti suka duba, amma abin da ake ɗigawa a ciki shi ke jawo wata sabuwar cutar. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yaron ya ɗauka makancewa ya yi, daren nan duka yana tunanin yadda za'a maida shi gida a ja masa gora, alhali kalma biyar da safe ta isa ta hana duk wannan.

Kuma irin waɗannan magungunan gargajiyar gareji suna da yawa, kowa ya gada daga siniyansa, wato wanda ya riga shi shiga koyon aiki. An yanke, a zuba man birki. An ƙone, a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko baƙin mai. Mai feshin fenti ya wuni cikin hayaƙin tina, ruwan sirka fenti, ba takunkumi, da yamma ya sha madara wai ta wanke ƙirji, madara cikin ciki take zuwa ba huhu ba jama'a. Mai jan fetur da tiyo a baki. Abin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa kuwa mai sauƙi ne kuma ba kuɗi, ƙuna a sa ta ƙarƙashin ruwa mai sanyi kamar minti 20, ba ƙanƙara ba, asid ɗin batir in ya fantsama a ido a yi ta wankewa da ruwa mai yawa ba tsayawa sannan a wuce asibiti, jini na zuba a danne da tsumma mai tsabta, wanda lantarki ya kama kar a taɓa shi sai an kashe wuta, tsohon ƙarfe ya soke ka ka je a duba maganar allurar tetanus. Lambar gaggawa 112 ce, ta 'yan kwana-kwana 192, motar asibiti 193, ka tambayi yaran shagonka goma ka ga nawa suka sani.

Manyan abubuwan da ke kisa ma ba boyayyu bane. Tankin mai ko durom da aka ce ai babu komai ciki, tururin da ya rage shi ke fashewa da zarar wuta ta taɓa. Shiga ƙarƙashin mota akan jak kaɗai ba'a sa mata wani abin tokare ba. Cire murfin giranda wai yana rage sauri. Kwana da janareta ko kurfoti mai garwashi a ɗaki a rufe, iskar da ke fitowa bata da wari, mutum barci kawai zai yi ya wuce. 'Yan kondem masu tara tsohon ƙarfe suna ƙona waya dan su ciro jan ƙarfe suna tsaye cikin baƙin hayaƙi, suna fasa batir da hannu ba safa, dalmar da ke ciki ta bi hannu ta shiga abinci, ta bi kayan aiki ta je gida wajen ƙananan yara, ita kuma dalma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. Mun ga gobarar kasuwar Kejetia a watan Maris na 2023, mun ga ta Adum a Maris na 2025, mutanen Accra sun ga ta Kantamanto a Janairun 2025, kuma ba wanda ya manta gobarar gidan mai da ambaliyar 3 ga Yuni 2015 a Circle cikin Accra inda sama da mutum 150 suka rasu. Waɗannan kowa ya ji su a rediyo. Yatsan da giranda ta cire a bayan wani shago ba rediyon da zai faɗa, kuma su ne kullum.

In ka yi magana amsa biyu zaka samu. Ta farko, ai mu ma haka muka koya. Gaskiya ne haka muka koya, kuma ku dubi dattawan layin, wane baya ji sai an ɗaga murya, wane tari ya hana shi barci, wane ido ɗaya, wannan ba gadon da za'a bar wa yaro bane. Ta biyu ita ce abin da Allah ya rubuta ba makawa. Na yi imani da ƙaddara kamar kowane musulmi, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Masta da ya hana yaro tabarau na kariya sannan ya ce ƙaddara ce, wallahi ya sake tunani, amana ce iyaye suka ba shi.

Mutane da yawa basu san ma akwai doka ba. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003, Act 651, ta ɗora wa mai ba da aiki ya samar da kayan kariya ba tare da ya cire ko sisi a kuɗin ma'aikaci ba, ta ce in ma'aikaci ya ga haɗari babba na gab da afkuwa yana da ikon ya sanar ya janye jikinsa kuma ba'a korarsa akan haka, in haɗari ya afku a kai rahoto cikin kwana 7. Akwai dokar biyan diyya ga wanda ya ji ciwo a bakin aiki tun 1987. Dokar yara ta 1998, Act 560, ita ma ta shigo har cikin garejinmu, ta ce ba'a ɗaukar yaro koyon sana'a sai ya kai shekara 15 ko ya gama karatun farko har ƙaramar sakandare, aiki mai haɗari irin ɗaukar kaya masu nauyi da haƙar ma'adinai da wajen injina sai shekara 18, kuma ta ce masta ne ke da alhakin duk cutar da ta sami yaro a lokacin koyo. Ni bana kawo wannan dan a riƙa jan mastoci kotu, yawancinmu mu ma hannu baka hannu ƙwarya ne. Na kawo ne dan yaro ya san cewa tambayar safar hannu ba rashin kunya bane, baƙo kuma ya san rashin takardar ɗan ƙasa bai maida jininsa ruwa ba. Domin abin da ke rufe musu baki kenan, tsoron a ce wannan ya cika ƙorafi a kore shi, alhali wurin kwanansa da abincinsa duk a hannun mastan suke.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi damuna, wanda bama son a taɓa. Wani matashi da na sani, ba a shagona ba, injin yankan katako ya cire masa yatsu biyu na hannun dama. An kai shi asibiti an ɗinke, masta ya biya na ranar, jama'a suka yi masa sannu na sati ɗaya kowa ya koma harkarsa. Yaron da a bes ɗinsu, wato majalisar samarinsu, shi ke dafa shayin ataya yana tsokanar kowa akan ƙwallo, sai ya daina fitowa. In ka shiga ɗakin zaka same shi kwance ya juya wa ƙofa baya da rana tsaka, hannun cikin aljihu ko da zafi ake, kokon da aka sayo masa da safe na nan ya yi sanyi a leda, waya na ta ruri yana kallon sunan mahaifiyarsa baya ɗauka saboda ya san tambayar, yaushe zaka turo, shi kuma bai gaya musu abin da ya faru ba. Ko ƙarar inji ya ji daga nesa sai jikinsa ya ɗau rawa zufa ta keto masa. Me mutane suka ce? Wasu sun ce lalaci ne, wasu sun ce raki, wasu sun ce an yi masa sammu daga gida, wani ma cewa ya yi rashin tawakkali ne. Ba wanda ya ce wannan ciwo ne mai magani, sai da wata nas 'yar unguwarmu ta ji labari ta zo ta zauna da shi, ta sa yayansa na ɗaki ya raka shi asibiti. Ya samu sauƙi Alhamdulillahi, yanzu yana sayar da kayan gyara. Amma watannin da ya yi a ɗakin nan shi kaɗai, cikin unguwar da in ka yi atishawa maƙwabci zai ce yarhamukallah, abin kunya ne a gare mu.

Kuma ba sai an rasa yatsa ba. Baƙo ya bar gida da alkawari, an sayar da akuya an yi masa kuɗin mota, kowa na jiran kuɗin da zai turo ta waya wato MoMo, shi kuwa abin da masta ke ba shi na abinci ko cikinsa bai cikawa, su takwas a ɗaki ɗaya, komawa gida hannu rabbana kuma ya fi masa mutuwa ciwo. Wasu daga wajen rikici suka fito, sun ga abin da ido bai kamata ya gani ba, dare ya yi basa barci. Anan ne ƙwayar tiramol ke samun ƙofa. Ku daina ɗauka duk mai shan ƙwaya ɗan iska ne tun asali, da yawa dan aiki suka fara, mai tura baro, mai dakon siminti, mai tuƙa babur mai ƙafa uku, aboboya ko piragiya, tun asuba har dare, wani ya ce masa sha wannan baza ka ji gajiya ba. Tiramol ɗin da hukuma ta yarda da shi a asibiti mai miligiram 50 ne da 100 kuma da takardar likita, na kan titi kuwa 120 ne, 225, 250, ga kuma wadda yara ke kira Red, wadda binciken BBC na farkon 2025 ya nuna irin waɗannan ƙwayoyin daga Indiya ake shigo da su. Yaro ya sha baya jin ciwo, sai ya ɗau abin da ya fi ƙarfinsa, hankalinsa rabi yana riƙe da inji ko sitiyari, wani ya faɗi yana jijjiga a bakin aiki. Kaga ciwon jiki ya kai shi ga ƙwaya, ƙwaya ta maida shi ga wani sabon ciwon, shi yasa nake cewa maganar kariya a wajen aiki da maganar lafiyar ƙwaƙwalwa ba'a raba su.

'Yan matanmu kayaye ma kar a manta da su, masu ɗaukar kaya a Kejetia da Central Market, wuya da baya sun gama aiki tun suna ƙanana, wasu da goyo, suna kwana a gaban shaguna inda ko wane ɗan banza zai iya zuwa musu, kuma in abu ya faru wa zasu gaya wa. Wannan aikin magajiyoyi ne da malaman makarantun mata, namiji irina bazai iya shiga nan ba.

Ba ina cewa a bar addu'a bane, a'a, a yi ruƙiyya a yi tofi a yi sadaka, amma a haɗa da asibiti, kuma dan girman Allah a daina sa wa marar lafiya mari ko sarƙa ana dukansa. Ghana na da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa tun 2012, Act 846. Manyan asibitocin wannan fanni guda uku ne, na Accra da Pantang da Ankaful, duk a kudu, shi yasa mutanenmu ke ganin abin nesa ne kuma sai wanda ya tuɓe a titi ake kaiwa. Ba haka bane, nan Komfo Anokye akwai sashen, akwai a asibitin Tafo, asibitocin gunduma ma suna da nas-nas na wannan aikin. Daga ƙarshen 2024 an sa wasu cututtukan ƙwaƙwalwa guda huɗu cikin inshorar lafiya ta NHIS, har da ciwon damuwa da na fargaba. Sannan a 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka, wato wanda ya kai ga haka yanzu marar lafiya ne da za'a taimaka wa, ba mai laifin da za'a kai wa 'yan sanda ba, dan haka a daina ɓoyewa. In ka ji yaro na cewa na gaji da duniya, ko yana rabar da kayansa, kar ka ce masa kai dai ka yi istigfari ka tashi ka tafi, zauna ka tambaye shi kai tsaye, kar a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin feshi da duk abin cutarwa daga ɗakin, a raka shi asibiti ranar.

Toh wa zai koyar da duk wannan? In muka ce sai gwamnati ko wata ƙungiya ta kira taro a otal da Turanci, yaran da nake magana akai baza su taɓa zuwa ba, ranar aiki ce a wajensu kuma ko an gayyace su kunyar shiga zasu ji. Ilimin nan sai dai ya je inda suke. Mai masauki ya ɗauka cikin hakkin baƙo ne, kafin ya kai shi wajen masta ya tambaya wane irin aiki ne, akwai kayan kariya, in ya ji ciwo wa zai biya, kuma bayan wata ɗaya ya kira shi gefe ya ce ya kake barci, kana cin abinci, ka yi waya da gida. Ranar da iyaye suka kawo goro da kuɗin shiga koyon sana'a ana shafa fatiha, a nan gaban shaidu a faɗi maganar tabarau da takalmi da safa, in ya so a rage wani abu cikin kayan bikin a saya. Masta ya ba sabon yaro satin farko na kallo da tambaya kawai, ya haɗa shi da siniya mai jin yarensa, ba siniya mai cin zali ba. Shugabannin bes, ku da kuke iya tara yara ɗari saboda gasar ƙwallo ko siyasa, ku gayyato 'yan kwana-kwana su nuna yadda ake kashe wutar gas da ta mai, ku gayyato nas-nas da likitoci 'ya'yan zango, muna da su da yawa yanzu a Asawase da Sabon Zango da Tafo, su zo bayan isha'i a yi da Hausa, mai jin Dagbani ko Zabarmanci ko Mosanci ya fassara. Sarakunan zango da Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017 su san cewa wannan ma raya zango ne, ba sai kwalbati da filin ƙwallo ba.

Limamanmu kuma, Allah ya ƙara muku lafiya, ku kuke da taron da ba wanda ke da irinsa. Ranar 28 ga Afrilu ce ranar kariya da lafiya a wajen aiki ta duniya, 10 ga Oktoba ta lafiyar ƙwaƙwalwa, Juma'ar da ta fi kusa da kowacce a ba ta huɗuba guda, kalmar da liman ya faɗa akan mumbari cewa zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa ba raunin imani bane ta fi takarda dubu.

Ku kuma Malam Edita roƙona gare ku shi ne ku ware mana ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata, ku samo ma'aikacin lafiya da wanda ya san dokar ƙwadago su riƙa amsa tambayoyin masu sana'a da Hausa mai sauƙi. Kuma tunda yawancin yaran nan basa karanta boko, a riƙa karanta shi da murya a gajerun odiyo na minti biyu uku da za'a iya turawa a WhatsApp, mu zamu yaɗa shi a gurup ɗin layi da na 'yan gari, gidajen rediyonmu irin Zuria FM a nan da Marhaba a Accra su ma su ɗauka.

Na gode da wannan fili, Allah ya saka da alheri.

Wassalam,
Naku mai walda daga Aboabo, Kumasi.